Zafi da Danshi a Injin Ƙyanƙyasa: Yadda Yanayin Gudu Ke Juya Lissafin Mai Kiwon Kaji

Unguwar Gudu, wadda ke cikin kashi na biyu na tsarin ginin birnin Abuja a maƙwabtan Apo da Durumi da Gaduwa, an fi saninta da rukunonin gidaje da kuma kasuwarta mai hada-hadar kayan gyaran motoci da na lantarki, ba da kiwo ba. Sai dai tsadar rayuwar da ta biyo bayan cire tallafin man fetur a watan Mayun 2023 ta sa magidanta da matan aure a unguwanni irin wannan suna kafa akurki a bayan gida, kuma da yake mafi yawan 'yan tsakin da ake sayarwa a Arewa daga manyan gidajen ƙyanƙyasa na Ibadan da kewayenta ake ɗauko su, su sha doguwar tafiya kafin su iso, wasu masu kiwon sun gwammace su sayi ƙaramin injin ƙyanƙyasa mai cin ƙwai talatin zuwa ɗari su riƙa fitar da nasu. Irin wannan inji yakan zo da 'yar takarda mai ɗauke da alƙaluma biyu, ɗaya na zafi ɗaya na danshi, kuma alƙaluman daidai suke. Abin da takardar ba ta faɗa ba shi ne an rubuta ta ne da tunanin ɗaki mai sanyi-sanyi wanda yanayinsa ba ya sauyawa kuma wutarsa ba ta ɗaukewa, alhali ɗakin da ke Gudu yana ratsa hunturu da bazara da damina a cikin shekara ɗaya, kowanne da irin tarkon da yake ɗana wa ƙwai.

Injin ƙyanƙyasa kwaikwayon kaza mai kwanci kawai yake yi. Zafin jikin kaza yana kusan digiri 41 a ma'aunin Selshiyos, kuma idan ta fara kwanci gashin ƙirjinta yakan ragu har fatar ta riƙa taɓa ƙwan kai tsaye, ta yadda saman ƙwan ke samun ɗumi sosai, ƙasansa da ke kan sheƙa ya ɗan fi sanyi, tsakiyarsa kuma ta tsaya tsakanin digiri 37 da 38. Da baki da ƙafa take juya ƙwan sau da dama a yini, tana mai da na gefe tsakiya, sannan takan tashi na ɗan lokaci ta ci ta sha ta dawo. A haka ake kwana 21 kafin ɗan tsako ya fito.

Zafin da ake nema a cikin inji ya danganta da irin ƙirarsa. Injin da ke da fanka, wadda ke zagaya da iska domin kowane lungu ya samu ɗumi iri ɗaya, ana tsayar da shi a kan digiri 37.5, ko a ɗan ɗara zuwa 37.8, kuma wannan shi ne 99.5 zuwa 100 a ma'aunin Farenhait da wasu injunan ke nunawa. Injin da ba shi da fanka kuwa, irin wanda kafintoci da masu walda ke haɗawa da katako ko tsohon firji da ƙwan lantarki ko fitilar kananzir, iskarsa takan jeru hawa-hawa, mai zafi a sama mai sanyi a ƙasa, don haka ake auna shi daidai da saman ƙwan kuma a nemi digiri 38.5 ko kusa da haka. Wanda ya rataye ma'auninsa can sama kusa da murfi a irin wannan akwati zai ga alƙalami mai faranta rai, ƙwansa kuwa yana cikin sanyi, wanda ya ajiye shi a ƙasan faranti kuma zai yi ta ƙara wuta har ya dafa ƙwan.

Kuskuren zafi ba ya da nauyi ɗaya a ɓangarorin biyu, kuma wannan ne abin da ya fi cancantar a riƙe. Idan zafi ya gaza da rabin digiri ko digiri ɗaya tsawon kwanakin, girman ɗan tayin, wato halittar da ke tasowa a cikin ƙwan, yakan yi jinkiri, ƙyanƙyasa ta makara da kwana ɗaya ko biyu, 'yan tsakin su fito da taushin jiki da kumburin ciki, wasu kuma su kasa fitowa. Idan zafin ya ɗara da gwargwadon haka, ƙyanƙyasa takan zo da wuri, 'yan tsakin su fito ƙanana, cibiyarsu ba ta rufe ba, wasu da karkatattun yatsu ko ƙafafun da ke warewa gefe da gefe. Amma idan ya haura digiri 40 ya daɗe a can na wasu awoyi, to mutuwa ce, musamman a kwanakin farko da ake ƙera zuciya da ƙwaƙwalwa da ido, domin zuciyar ɗan tayin tana fara bugawa ne tun a kwana na biyu. Sanyin 'yan awoyi jinkiri yake kawowa, zafin 'yan awoyi kuwa ba a gyara ɓarnarsa.

Saboda haka bai kamata a yarda da alƙaluman da ke haskawa a fuskar inji ba sai an jarraba su. Ƙananan injuna masu araha sukan yi kuskuren rabin digiri ko fiye, kuma rabin digiri a nan ba ƙaramin abu ba ne. Ma'aunin zafin jiki da ake saye a kemis, wanda aka ƙera shi domin ya tantance tsakanin digiri 35 da 42, ya fi yawancin ma'aunan injin sahihanci a wannan tazara, kuma shi ya dace a sa a ciki daidai da tsayin saman ƙwai, a gwada tsakiya a gwada kusurwoyi huɗu, a rubuta bambancin. Ana yin wannan ne da injin yana aiki babu ƙwai a ciki na tsawon kwana ɗaya ko biyu, dare da rana, domin a ga abin da yake yi da tsakar rana da kuma abin da yake yi da asuba. Bayan an zuba ƙwai zafin yakan faɗi, saboda ƙwan ya shigo da sanyinsa, kuma yana iya ɗaukar awoyi kafin ya koma daidai. Mai gaggawar da ya murɗa saiti sama a wannan lokaci shi ne zai wayi gari ya tarar da digiri 39.

Ba da ma'aunin zamani aka fara wannan sana'a ba. Mutanen Masar sun shafe fiye da shekara dubu biyu suna ƙyanƙyasar ƙwai a cikin ɗakunan tubali da ake ɗumamawa da hayaƙin kashin dabbobi da tattaka, har masanin Girka Aristotal ya ambaci yadda Misirawa ke fitar da 'yan tsaki ba tare da kaza ba, kuma ma'aikatan waɗannan ɗakuna da fatar idonsu suke gwada zafin ƙwai, su ɗora shi a kai su ji. Sai a shekarar 1749 wani masani ɗan Faransa mai suna René de Réaumur ya wallafa littafi a kan yadda ya kwaikwayi wannan dabara da taimakon ma'aunin zafin da shi da kansa ya ƙirƙira. Abin lura a aikin Misirawan shi ne ƙwan suke gwadawa, ba iskar ɗakin ba, kuma har yau manyan gidajen ƙyanƙyasa zafin ɓawon ƙwai suke bibiya, suna neman ya tsaya kusa da digiri 37.8.

Dalilin haka shi ne ɗan tayin da kansa yana fitar da zafi. A makon farko ƙwai karɓar ɗumi kawai yake yi, amma daga wajen kwana na 10 zuwa sama, yayin da jiki ke girma yana ƙona kitsen gwaiduwa, ƙwan yakan koma ƙaramin murhu, ta yadda a mako na uku zafin cikinsa ke ɗara na iskar injin. A ƙasashe masu sanyi wannan ba ya tada hankali, domin ɗakin yana janye rarar zafin. A Gudu cikin watan Maris da farkon Afrilu, lokacin da zafin rana a Abuja ke kaiwa digiri 36 zuwa 38 kafin saukar ruwan farko, ɗakin da ke ƙarƙashin kwano ba tare da silin ba yana iya kamo zafin da ake nema a cikin injin ko ma ya wuce shi. Ƙaramin inji hita yake da ita, ba shi da na'urar sanyayawa, kuma iyakar abin da na'urar daidaita zafinsa za ta iya shi ne ta kashe hitar. Idan ɗakin yana digiri 37, ƙwai hamsin kuma suna huro nasu zafin, injin zai haye 39 ko 40 alhali babu abin da ya lalace a jikinsa. Maganin wannan yana wajen injin ne: a zaɓi ɗakin da ya fi kowanne sanyi a gidan, mai silin ko ɗakin ƙasa a gidan bene, a nisanta injin daga taga da bangon da rana ke duka da yamma, a buɗe dukkan kafofin iskarsa daga azahar zuwa la'asar, a kunna fankar ɗaki ba tare da an saita ta kai tsaye a kansa ba. Wanda ba shi da irin wannan ɗaki ya fi masa alheri ya lissafa kwanakinsa yadda mako na uku ba zai faɗo a tsakiyar bazara ba.

Hunturu kuma nasa salon daban ne, domin a Disamba da Janairu rana takan yi zafi, dare ya yi sanyi har ƙasa da digiri 20, kuma injin roba mai siririn jiki yakan kasa riƙe ɗumi da asuba. Kwalin da aka sayo shi a ciki, ko bargon da aka lulluɓa masa ba tare da an toshe kafofin iska ba, ya isa ya cike wannan giɓi.

Sai batun wuta, wanda babu mai injin ƙyanƙyasa a Najeriya da zai tsallake shi. Kamfanin rarraba wutar lantarki na Abuja, AEDC, shi ke ba Gudu wuta, kuma ko layukan da aka sa a rukunin farko, waɗanda hukumar kula da harkar wutar lantarki ta ƙasa, NERC, ta ɗaga kuɗinsu zuwa naira 225 kowane yunit a watan Afrilun 2024, alkawarin awa 20 a rana aka yi musu, ba 24 ba, ban da lalacewar babban layin wutar ƙasa da aka sha fama da ita a waccan shekarar ta 2024. Kuɗin wutar ba shi ne damuwa ba, domin injin da ke jan wat 80, ko da bai huta ba tsawon kwana 21, yunit 40 zai ci, wato kimanin naira 9,000 a wancan farashi, kuma a zahiri bai kai haka ba tunda hitar tana kamawa tana saki. Damuwar ita ce awoyin da babu wutar. Batir mai bolt 12 da ƙarfin amfiya 100, idan aka ja rabin cajinsa kawai domin kada ya mutu da wuri, zai riƙe irin wannan inji awa bakwai ko fiye, shi ya sa injin da ke iya aiki da batir ko sola kai tsaye ya fi dacewa da Gudu a kan wanda ya fi shi kyan gani amma bai san komai ba sai soket. Idan wuta ta ɗauke babu batir, ɗakin da ke digiri 28 ko 30 ba zai kashe ƙwai cikin awa uku ko huɗu ba. A bar murfin a rufe, a lulluɓa bargo idan ana sanyi, a jingina robobin ruwan ɗumi a ciki ba tare da sun taɓa ƙwan ba. Amma a mako na uku cikin bazara lulluɓa bargo kuskure ne, domin da zarar fanka ta tsaya zafin ƙwan yakan taru a sama, iska ta ƙare, kuma abin da ake bukata a lokacin shi ne a ɗan sassauta murfin.

Danshi ya fi zafi wuyar fahimta, kuma a nan ne mafi yawan masu ƙyanƙyasa a gida ke tafka asarar da ba su san sanadinta ba. Ɓawon ƙwai yana da ƙananan ƙofofi kusan dubu goma waɗanda ido ba ya gani, ta nan iskar shaƙa ke shiga, gurɓatacciyar iska da tururin ruwa su fita. Wasu masana uku, Hermann Rahn da Amos Ar da Charles Paganelli, sun bayyana a mujallar Scientific American a shekarar 1979 cewa ƙwan kaza mai nauyin giram 60 yakan shaƙi kimanin lita 6 ta iskar oksijin a cikin kwana 21, ya fitar da lita 4.5 ta iskar kabon da kuma lita 11 ta tururin ruwa. Fitar wannan ruwa wajibi ne, domin gurbin da ya bari shi ke zama aljihun iska a ɓangaren ƙwan mai faɗi, kuma cikin wannan aljihu ɗan tsako ke fara cusa baki ya ja numfashinsa na farko da huhu a wajen kwana na 19 zuwa 20, kafin ya fasa ɓawo. Idan danshin injin ya yi yawa, ruwan ba ya fita yadda ya kamata, aljihun ya zama ƙarami, ɗan tsakon ya cika ƙwan ya kasa juyawa, ko ya huda tantanin aljihun ya tarar da ruwa a maimakon iska. Idan danshin ya yi kaɗan, ƙwan ya bushe fiye da kima, ɗan tsakon ya fito ƙarami a galabaice, ko tantanin ya manne masa a jiki. Abin da ake nema shi ne ƙwai ya rasa kashi 11 zuwa 13 cikin ɗari na nauyinsa daga ranar da aka sa shi zuwa kwana na 18, kuma danshin kashi 50 zuwa 55 da takardar inji ke faɗa hanya ce kawai ta kaiwa ga wannan.

Alƙaluman danshi suna nuna yawan tururin da iska ke ɗauke da shi ne idan aka gwada da iyakar abin da za ta iya ɗauka a wannan zafin, kuma iska mai zafi ta fi mai sanyi iya ɗauka nesa ba kusa ba. Saboda haka iskar ɗaki idan ta shiga inji aka ɗumama ta, danshinta yakan faɗi ko da ba a cire mata ɗigon ruwa ba. A watan Agusta, lokacin da damina ta kankama a Abuja, iskar ɗaki mai digiri 25 da danshin kashi 85 idan ta kai digiri 37.5 takan koma kusan kashi 42, wato saura kaɗan ta cika abin da ake nema tun ba a zuba ruwa ba, ga kuma tururin da ƙwan ke fitarwa. A watan Janairu kuwa, lokacin da iskar hunturu ke busowa daga Sahara da hazo, iskar ɗaki mai digiri 25 da danshin kashi 20 takan koma kusan kashi 10 a cikin injin. Inji ɗaya ne a ɗaki ɗaya, amma wanda ya cika dukkan kwaroron ruwan injin a Agusta kamar yadda ya saba yi a Janairu zai nutsar da 'yan tsakinsa, wanda kuma ya tsaya a kan ɗan ruwan da ya ishe shi da damina zai busar da su da hunturu. A tsakiyar damina sau da yawa kwaroro ɗaya, ko ma rabinsa, ya wadatar a kwana 18 na farko, da hunturu kuwa akan cika duka a ƙara da jiƙaƙƙen soso mai tsabta. Faɗin fuskar ruwan ne ke ƙara danshi, ba zurfinsa ba, don haka faranti mai faɗi ya fi kofi mai zurfi tasiri, zurfin kuma amfaninsa kawai kada ruwan ya ƙafe da wuri. Ruwan da za a ƙara ya kasance mai ɗumi, domin mai sanyi yana jan zafin injin ƙasa.

Tunda ɓawon ƙwai ya bambanta daga kaza zuwa kaza, na tsohuwar kaza ya fi yawan zubar da ruwa, na budurwa ya fi riƙewa, sikelin kicin mai nuna giram ya fi kowane ma'aunin danshi faɗin gaskiya. Ana zaɓar ƙwai goma a yi musu alama da fensir, a auna su tare ranar da za a sa su. Idan ƙwan kajin gida ne masu nauyin giram 40 kowanne, jimilla giram 400 ke nan, to a kwana na 6 ana sa ran su dawo kusan 384, a kwana na 12 kusan 368, a kwana na 18 kuma kusan 352. Idan a kwana na 6 an tarar da 392, ƙwan bai zubar da isasshen ruwa ba, sai a rage ruwan injin ko a ƙara buɗe kafar iska. Idan an tarar da 375, sai a ƙara. Jimillar asarar ce ke da muhimmanci, ba abin da ma'auni ya nuna a wata rana guda ba, don haka danshin da ya hau ko ya sauka na yini ɗaya ba abin firgita ba ne, ana iya rama shi a kwanakin da ke tafe. Wannan sassauci ne da zafi ba ya bayarwa.

Wanda ba shi da sikeli yana da tocila. A ɗaki mai duhu, idan aka manna hasken tocila a ɓangaren ƙwan mai faɗi, ana ganin iyakar aljihun iska sarai, kuma ana iya zana ta da fensir a kwana na 7 da na 14 da na 18 domin a ga yadda take faɗaɗa, har ta kai kusan sulusin ƙwan a ƙarshe, ta kuma karkace gefe ɗaya. Wannan dubawa ce ke nuna ƙwan da ke da rai, wanda a kwana na 7 ake ganin jijiyoyin jini sun bazu a cikinsa daga wani ɗigo mai duhu, da wanda yake fayau babu komai, da wanda ya fara ya mutu ya bar zoben jini. Na biyu da na uku fitar da su ake yi, domin baragurbin da ya fashe a cikin inji yana watsa ƙwayoyin cuta ga sauran. Shi kansa ma'aunin danshin ana iya jarraba shi da gishirin miya: a jiƙa gishiri a murfin kwalba har ya yi damshi ba tare da ya narke ba, a rufe shi tare da ma'aunin a cikin leda ko robar da iska ba ta shiga na tsawon dare, kuma sahihin ma'auni zai nuna kashi 75. Abin da bai halatta ba shi ne toshe kafofin iska domin danshi ya hau, dabarar da ke saurin zuwa wa mutum da hunturu, saboda bukatar ɗan tayin ga iskar shaƙa tana ninkuwa ne daidai a kwanakin ƙarshe.

Wani kaso na asarar da ake ɗora wa inji tun kafin a kunna shi aka yi ta. Ƙwan kiret da ake sayarwa a shago na kajin gidan gona ne da ba su taɓa haɗuwa da zakara ba, ba zai ƙyanƙyashe ba ko da an yi masa komai daidai, kuma ko a garken gida ana son zakara ɗaya ga kaji takwas zuwa goma. Ƙwan da za a sa ana son ya kasance bai wuce mako ɗaya ba, a ajiye shi tsininsa na kallon ƙasa, kada a wanke shi domin wanki yana cire siririn lulluɓin da ke tsare ƙofofin ɓawo, kuma a wuri mai sanyin digiri 13 zuwa 18. Wannan sharaɗi na ƙarshe shi ne mai wuya a Gudu, domin firji ya yi sanyi da yawa, ɗaki kuma ya yi zafi da yawa, kuma da zarar zafi ya wuce digiri ashirin da 'yan kai ɗan tayin yakan fara motsawa a raunane ya gaji tun bai shiga inji ba. Dabarar tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakaninsu, wadda wani malami a Jigawa mai suna Mohammed Bah Abba ya yaɗa har ta samo masa lambar yabo ta Rolex a shekarar 2000, tana rage zafi sosai da rani lokacin da iska ke bushe, muddin ruwa bai taɓa ƙwan ba, amma da damina tasirinta kaɗan ne. Mafi sauƙi shi ne a gajarta jiran zuwa kwana uku ko huɗu. Ƙwan da aka ɗauko a mota daga gonakin Kuje ko Gwagwalada kuma a bar shi ya huta na yini guda kafin a sa shi.

Juya ƙwai yana hana ɗan tayin mannewa a tantani, kuma injin da ke da na'urar juyawa yakan yi shi duk bayan awa ɗaya ko biyu. Mai juyawa da hannu ya yi aƙalla sau uku a yini, ko biyar, adadin da ba ya rabuwa biyu, domin kada ƙwan ya kwana a gefe ɗaya dare biyu a jere, ya wanke hannu, ya kuma yi sauri ya rufe.

A ƙarshen kwana na 18 ake daina juyawa, a kwantar da ƙwan a kan shimfiɗar da ba ta da santsi, a ɗaga danshi zuwa kashi 65 ko 70, wasu kuma su rage zafin da ɗan kaɗan zuwa wajen 37.2. Dalilin ƙarin danshin shi ne da zarar ɗan tsako ya fasa ɓawo tantanin da ke kewaye da shi ya haɗu da iskar waje, kuma idan iskar ta bushe tantanin yakan ƙanƙance ya ɗaure shi. Daga fasawar farko zuwa fitowa akan ɗauki awa 12 zuwa 24, lokacin da ɗan tsakon ke hutawa yana janye ragowar gwaiduwa zuwa cikinsa, jijiyoyin jinin tantanin kuma suna ƙafewa. A nan ne haƙurin mutanen gida ke ƙarewa, yara na son gani, babba na son taimakawa. Buɗe murfi na minti ɗaya a watan Agusta ba ya yin wata babbar illa, amma a watan Janairu yana kwashe danshin injin kusan gaba ɗaya, ya bar duk ƙwan da ya riga ya tsage cikin haɗari. Ɓare wa ɗan tsako ɓawo da hannu kafin lokacinsa kuma yakan tsinka jijiyar da ba ta ƙafe ba. Waɗanda suka riga suka fito ba sa cikin matsuwa, domin gwaiduwar da suka janye tana riƙe su kwana biyu ba ci ba sha, don haka ana barinsu su bushe a ciki har yini guda kafin a kwashe su zuwa wurin reno mai ɗumin digiri 32 zuwa 35.

Al'adar da aka saba a ƙauyukan ƙasar Hausa ta sa wa kaza ƙwan zabi ta kwanta a kai tana jan wasu su haɗa iri biyun a inji ɗaya, musamman da damina da zabi ke zuba ƙwai. Zafinsu ɗaya ne, amma ƙwan zabo yana ɗaukar kwana 26 zuwa 28, don haka idan aka sa su rana ɗaya, ƙarin danshi da daina juyawar da kajin ke bukata a kwana na 18 za su faɗo wa zabin mako guda kafin lokacinsu. Gyaran shi ne a riga sa ƙwan zabin da mako ɗaya domin su ƙare tare.

Ƙwan da bai fashe ba har kwana na 23 ba a zubar da shi sai an fasa an duba, a waje, nesa da akurki, domin shi ke bayyana abin da ya faru. Wanda aka tarar babu alamar jini a cikinsa yana nuni ga zakara ko ga tsufan ƙwan, ba ga inji ba. Mutuwar da ta yawaita a makon farko tana nuni ga zafin ajiya, ko girgizar hanya, ko wata rana da injin ya haye sama. Cikakken ɗan tsakon da ya mutu a jiƙe, aljihun iskarsa ƙarami, bai ko huda tantani ba, shaidar yawan danshi ce ko ƙarancin iska, wanda kuma ya fasa ɓawo ya maƙale da busasshen tantani a fuka-fukinsa shaidar buɗe murfi ce ko ƙafewar ruwa a kwanakin ƙarshe. Ranar da aka fara fitowa ma ma'auni ce: idan yawancinsu sun fito a kwana na 19 zuwa 20, injin yana zafi fiye da abin da yake nunawa, idan kuma sai kwana na 22, yana ƙasa da shi, sai a gyara saitin da digiri 0.2 ko 0.3 a zubi na gaba, a rubuta gyaran a littafi tare da sunan watan da aka yi zubin da yawan ruwan da aka zuba.